Ta Yaya Jirage Biyu Ke Karo a Sararin Sama, Kuma Laifin Wane Ne?

Tambaya: Malam, duk faɗin sararin samaniya, ta yaya jirage biyu za su haɗu har su yi karo? Na ji labarin wani karo da aka yi a Jamus, inda yara 'yan makaranta da yawa suka mutu. Daga baya wani uba ya je har gida ya kashe ma'aikacin da ke ba jiragen hanya, mutanen garinsu kuma suka tarbe shi tarbar jarumi. Shin ma'aikacin ne ya jawo haɗarin? In ba shi ba ne, wane ne?

Amsa: Haɗarin da ka ji labarinsa ya faru ne a daren 1 ga Yulin 2002, a saman garin Uberlingen da ke bakin tafkin Konstans a kudancin Jamus. Mutum 71 suka mutu, babu wanda ya tsira. Mu da muka yi aikin kula da zirga-zirgar jirage, wannan dare karatu ne a wurinmu, ana bin sa sakan bayan sakan a ajin horaswa. In ka ce in ba ka amsa a dunƙule, zan ce ma'aikacin ya yi kuskure, amma kafin ya zauna a kujerarsa an riga an zare masa kusan duk abin da aka tanada domin kama kuskure irin nasa. Waɗanda suka zare ɗin ba muryarsu aka ji a rediyo ba, shi ya sa jama'a ba su riƙe sunayensu ba.

Batun faɗin sama tukuna. Sama tana da faɗi, amma jirgin fasinja ba ya yawo a cikinta yadda ya ga dama. Hanyoyin sama kamar burtali suke: daji ga shi nan fetal, amma duk garke ta siririyar hanya ɗaya zai bi, kuma akwai mahaɗar da hanyoyi ke gittawa juna. Sannan kowane jirgi yana son tsayin da zai fi rage masa shan mai, galibi tsakanin ƙafa 30,000 zuwa 40,000, don haka duk can ake cunkushewa. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, ko mil 5 na teku in suna tsayi ɗaya kuma rada na ganinsu. Jirgi irin wannan yana cin kusan kilomita 850 a awa. In biyu suka nufo wuri guda, daga lokacin da matuƙi zai hango ɗigo a gilashi zuwa lokacin da ɗigon zai zama jirgi, 'yan sakanni ne. Abin da ya fi muni, jirgin da zai buge ka ba ya motsi a gilashinka, girma kawai yake yi a wuri ɗaya, ido kuwa abin da ke motsi ya fi saurin kamawa. Da dare ma sai dai fitila.

Saboda haka ba a dogara da idon matuƙi. Kariyar hawa-hawa ce. Da farko akwai mai kula da zirga-zirga a ƙasa, yana kallon allon rada yana raba jirage tun suna nesa da juna. Bayansa akwai na'urar gargaɗi a cikin kwamfutar radar, wadda ke haska jiragen a allo in ta lissafa cewa nan da kamar minti biyu za su kusanci juna fiye da ƙima. In duk wannan ya kuɓuce, saura ta ƙarshe, wadda ke cikin jirgin kansa: na'urar kauce wa karo, matuƙa na ce mata Tikas. Ita ba ruwanta da ƙasa. Tikas ɗin wannan jirgi da na wancan suna magana da juna kai tsaye, su daidaita tsakaninsu, ɗaya ya ce wa matuƙinsa ya hau, ɗayan ya ce wa nasa ya sauka. Kowanne mataki da jini aka saye shi. Karon da aka yi a saman Grand Canyon a 1956, inda mutum 128 suka mutu, shi ya sa Amurka ta kafa hukumar sufurin sama ta tarayya a 1958. Na Cerritos a Kalifoniya a 1986 shi ya tilasta sanya Tikas a jiragen fasinja na Amurka. Indiya kuma sai da jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo kusa da Delhi a Nuwamban 1996, mutum 349 suka salwanta, sannan ta wajabta ta.

Jiragen Uberlingen duka biyun suna da Tikas, kuma duka biyun sun yi aiki daidai. A nan ne labarin ya bambanta da na baya.

Jirgi na farko Tupolev 154 ne na kamfanin Bashkirian Airlines, ya taso daga Mosko zai je Basalona da mutum 69. Sama da 40 daga cikinsu 'yan makaranta ne daga birnin Ufa na ƙasar Rasha, za a kai su hutu bakin teku a Sifaniya. Ba ma jirginsu ba ne na asali. An kai su filin jirgin da ba shi ba ne a Mosko, nasu ya tashi ya bar su, sai bayan kwana biyu aka samo musu wannan. Na biyu Boeing 757 ne na dakon kaya na DHL, da matuƙa biyu kacal, ya taso daga Bahrain, ya ya da zango a Bergamo ta Italiya, ya nufi Brussels. Tupolev yana tafiya yamma, Boeing yana tafiya arewa, kowanne a ƙafa 36,000.

Wurin da za su gitta juna saman Jamus ne, amma kamfanin Skyguide na ƙasar Suwizalan ke kula da wannan yanki daga cibiyarsa ta Zurik. A daren, ma'aikata biyu ne ke bakin aiki. Ɗaya ya tafi ɗakin hutu, kamar yadda aka saba in dare ya yi jirage sun ragu. Hukumar kamfanin ta san da wannan al'ada shekara da shekaru, ta zura ido. Saura mutum ɗaya, Peter Nielsen, ɗan ƙasar Denmak, yana riƙe da teburi biyu, kowanne da allonsa da tashar rediyonsa, sai ya gangara da kujera daga wannan zuwa wancan. A wannan dare ne kuma injiniyoyi suka zo gyaran na'urori. Aka mayar da radar kan tsarin ko-ta-kwana, wanda a cikinsa hasken gargaɗin nan na minti biyu ba ya aiki, kuma ba a fayyace masa cewa ba ya aiki ba. Aka katse babban layin tarho, na madadin kuma ya ƙi tafiya.

Duk wanda ya taɓa zama gaban allon rada da tsakar dare ya san yadda jiki ke sabawa da wannan haske. Ba wai kana jira ya yi maka aikinka ba ne, amma can cikin ranka ka san in wani abu ya suɓuce maka allon zai yi ja. In aka kashe shi ba ka sani ba, shirun allon sai ka ɗauka lafiya ce.

Sai ga wani jirgin Airbus na kamfanin Aero Lloyd da ya makara, yana son sauka a Friedrichshafen, ƙaramin filin jirgi a bakin tafkin. Dole Nielsen ya kira hasumiyar can ya miƙa musu jirgin. Ya buga, ya sake bugawa, waya ba ta shiga. Hankalinsa ya tafi can. A daidai lokacin, Boeing ya riga ya kai ƙafa 36,000 da izininsa, Tupolev kuma ya shigo yankinsa ya faɗi tsayinsa, shi ma 36,000. Kusan minti biyar jiragen suna matsowa juna a allonsa bai lura ba. Wannan shi ne kuskurensa, ba kuma ƙarami ba ne. Ma'aikatan cibiyar Karlsruhe ta Jamus, su nasu hasken gargaɗin yana aiki, sun ga abin da ke shirin faruwa. Suka yi ta kiran Zurik, layi a mace.

Saura kamar sakan 43 a yi karo, Nielsen ya gani. Ya umarci Tupolev ya sauka zuwa ƙafa 35,000 da gaggawa. Matuƙan suka fara sauka. Bayan sakan bakwai Tikas ɗinsu ya yi magana: ku hau. A lokaci guda Tikas ɗin Boeing ya ce wa nasa matuƙin: sauka. Matuƙin Boeing ya bi na'urarsa. A cikin Tupolev kuwa mutum biyar ne a ɗakin tuƙi, har da babban matuƙin kamfanin da ya zo duba aikin kyaftin, yana zaune a kujerar dama. Akwatin naɗar murya ya nuna mataimakin matuƙi, wanda ke zaune a baya, ya ja hankalinsu cewa na'ura hawa take cewa. Aka amsa masa cewa mai kula da zirga-zirga sauka ya ce. Ana cikin haka Nielsen ya maimaita umarnin, ya ƙara da cewa ɗaya jirgin yana ta hannun damansu, alhali ta hagu yake zuwa. Daga allonsa ya ga Tupolev ya fara sauka, ya ɗauka matsala ta kau, ya gangara ya koma wurin Airbus. Bai san Tikas ya yi magana ba, domin babu abin da ke nuna wa na ƙasa haka sai matuƙi ya faɗa. Matuƙan Boeing sun faɗa, saura sakan 13, amma yana ɗaya teburin, bai ji ba.

Jiragen biyu suka yi ta sauka tare. Da ƙarfe 11:35 na dare, a tsayin kusan ƙafa 34,900, jelar Boeing da ke tsaye ta yanka jikin Tupolev gaban fukafukai kaɗan. Tupolev ya tarwatse a sama. Boeing ya rasa mafi yawan jelarsa, ya yi 'yan kilomitoci yana tangal-tangal, ya faɗi a cikin kurmi. Tarkace da gawawwaki suka zube a gonaki da gefen gidaje, Allah ya kiyaye babu wanda ya mutu a ƙasa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da Nielsen bai ce komai ba a waɗannan sakanni na ƙarshe, da alama jiragen sun wuce juna, domin kowa zai bi na'urarsa. Da matuƙan Tupolev sun bar maganarsa sun bi Tikas, shi ma da an tsira. To me ya sa ƙwararrun matuƙa, masu dubban awanni a sama, suka bi mutum suka bar na'ura? Littafin aikinsu ya bayyana umarnin mai kula da zirga-zirga a matsayin babbar hanyar kauce wa karo, Tikas kuma ƙarin taimako. A wani shafin kuma an hana yin kishiyar abin da Tikas ta ce. Ƙa'idojin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, su ma a lokacin ba su yanke magana ƙarara ba. Matuƙan Yammacin Turai an horar da su su bi na'ura, na Rasha ba haka aka cusa musu ba. Gaba kura baya sayaki, cikin rabin minti, da dare, ga kuma shugabanka a gefenka.

Abin takaicin, duniya ta sami gargaɗi wata 17 kafin nan. A ranar 31 ga Janairun 2001, jiragen Japan Airlines biyu ɗauke da mutum 677 sun kusa yin karo a saman mashigin tekun Suruga, ta hanya iri ɗaya: ma'aikacin ƙasa ya ce sauka, Tikas ta ce hau, matuƙi ya bi mutum. Da ƙyar suka kauce wa juna, fasinjoji da dama suka ji rauni. Japan ta nemi ICAO ta gyara ƙa'idar. Ba a gyara ba sai a Nuwamban 2003, bayan an binne yaran Ufa.

Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Jamus, BFU, ta fitar da rahotonta a Mayun 2004. Ta kawo sanadi biyu na nan take: ma'aikacin bai gano hatsarin da wuri ba, matuƙan Tupolev kuma sun ci gaba da sauka bayan Tikas ta ce su hau. Sannan ta kawo na tushe: ƙa'idojin Tikas da ba su cika ba kuma suna karo da juna, da hukumar Skyguide da ba ta tabbatar kowane teburi yana da mutum ba, ta kuma ƙyale mutum ɗaya yana aikin dare tsawon shekaru. Rasha ta rubuta nata ra'ayin daban a jikin rahoton, tana cewa kuskuren nuna musu dama maimakon hagu ya rikita matuƙanta, kuma matuƙan DHL suna jin abin da ake faɗa a rediyo, da sun iya kaucewa. Wannan na biyun ban yarda da shi ba. Matuƙin da ya bi na'urarsa ya yi abin da aka gina tsarin gaba ɗaya a kai.

Yanzu batun jama'a. Shekara biyu tsakanin haɗari da rahoto lokaci ne mai tsawo ga uwar da ta binne ɗanta, kuma abin da aka cika wannan giɓi da shi ya yi ɓarna. A kwanakin farko, jami'an Skyguide sun karkata laifin ga matuƙan Rasha, wai an yi ta kiransu ba su amsa da wuri ba. Jaridun Turai suka kama, aka shiga maganar tsofaffin jiragen Rasha da matuƙan da ba su iya Turanci ba. Ba a jima ba gaskiya ta fara fitowa: gargaɗin bai kai minti guda ba, ma'aikaci ɗaya ne, na'urori a kashe. Ka duba yadda iyalai a Ufa za su ji. An kashe musu 'ya'ya, an ɗora wa matattunsu laifi, sannan aka turo lauyoyi da takardun diyya. Skyguide ba ta fito ƙarara ta amsa laifinta ta nemi gafara ba sai da rahoton ya fito. Lauyan kamfani zai ce maka neman gafara amsa laifi ne a gaban kotu, kuma ta fuskar kuɗi yana da gaskiyarsa. Amma wanda aka yi wa rashi ba lissafin kuɗi yake yi ba.

A gefe guda, mutanen Uberlingen da ƙauyukan kewaye sun yi abin kirki. Su suka shiga gonaki neman gawawwaki, suka karɓi iyayen da suka zo daga Rasha, daga baya har aka kafa ƙungiyar zumunci tsakaninsu da Ufa. Wannan ɓangare ba a cika ba da labarinsa ba.

Uban da ka tambaya, Vitaly Kaloyev, mai zanen gine-gine ne daga Vladikavkaz a Osetiya ta Arewa, cikin Rasha. Yana aiki a Sifaniya, matarsa da ɗansa mai shekara 10 da 'yarsa mai shekara 4 suna cikin jirgin za su kai masa ziyara. Yana cikin waɗanda suka fara isa wurin, ya shiga cikin masu nema, shi da kansa ya tsinci tsinkakkiyar sarƙar wuyan 'yarsa, ya kuma ga gawarta. Ya koma gida ya kusa tarewa a maƙabarta. A taron cika shekara ɗaya ya tunkari shugaban Skyguide yana neman a haɗa shi da ma'aikacin da ke aiki a daren, bai samu ba. Aka aiko masa da tayin diyya bisa sharaɗin ya janye duk wata ƙara. Ya sa aka nemo masa adireshin Nielsen. A ranar 24 ga Fabrairun 2004 ya je gidansa a Kloten, kusa da Zurik, ya daɓa masa wuƙa har lahira, matar Nielsen da 'ya'yansa uku suna gida. A kotu ya ce hotunan 'ya'yansa ya je nuna masa domin ya nemi gafara, kuma bai tuna lokacin da ya soke shi ba. A Oktoban 2005 aka yanke masa shekara 8, daga baya aka rage, aka sake shi a Nuwamban 2007. A gida aka yi masa tarba ta girma, a farkon 2008 aka naɗa shi mataimakin ministan gine-gine na Osetiya ta Arewa, a 2016 kuma aka ba shi lambar yabo ta jihar.

Me ya sa aka yi masa haka? Mutanen yankin Kaukasus suna da tsohuwar al'adar ɗaukar fansar jini, amma ba na jin ita kaɗai ce. Da yawa a Rasha sun ga cewa ƙasa mai arziki ta raina matattunsu, shekara ta wuce ta biyu ta kama ba a hukunta kowa ba, sai ga mutum ɗaya da ya ƙi karɓar kuɗi. Zuciyar ɗan Adam kuma ba ta iya fushi da jadawalin aikin dare ko sakin layi a littafin ƙa'ida, fuska take nema. Ba mai musun zafin da Kaloyev ya sha. Amma an bar jaki an daki taiki. Nielsen bai tsara aikin mutum ɗaya ba, bai kashe hasken gargaɗi ba, bai katse waya ba, bai rubuta littafin matuƙan Tupolev ba. Bayan haɗarin bai sake zama gaban allo ba. An kashe shi wata uku kafin fitowar rahoton da ya nuna yadda aka bar shi shi kaɗai, aka ƙara marayu uku a kan lissafin. Naɗa wanda ya yi kisan a muƙamin gwamnati kuwa, a ganina, hukuma ce ta sa hannu a kan ɗaukar doka a hannu.

Kotuna sun zo daga baya, kuma can sama suka duba. A Yulin 2006 wata kotu a Konstans ta ce gwamnatin Jamus ce ke da alhakin biyan diyya ga kamfanin jirgin, domin ta miƙa sararin samaniyarta ga kamfanin wata ƙasa ba tare da ingantacciyar yarjejeniya ba. A Satumban 2007 kotun Bulach a Suwizalan ta yi shari'ar ma'aikatan Skyguide takwas. Ta sami huɗu da laifin kisa ta hanyar sakaci, uku daga cikinsu manajoji da aka yi wa ɗaurin talala na shekara guda, ɗaya tara. Huɗu aka sallame su. Iyalai da yawa sun ga hukuncin ya yi sauƙi, kuma ban ga laifinsu ba.

Duk da haka, mu 'yan wannan sana'a muna ɗari-ɗari da kiran a ɗaure wanda ke bakin aiki, ba don kare namu ba. Lafiyar sufurin sama a kan rahoto ta tsaya: ma'aikaci ya zo da kansa ya ce jiya jirage biyu sun matso juna a hannuna, ga yadda aka yi. Daga irin waɗannan ake gano rami kafin wani ya faɗa. Ranar da faɗin gaskiya ya zama hanyar gidan yari, kowa zai ja bakinsa ya tsuke. An gwada ɗaurin. Bayan karon da aka yi kusa da birnin Zagreb, a tsohuwar Yugoslabiya, a 1976, inda mutum 176 suka mutu, an yanke wa ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa shekara 7, sai da takwarorinsa na ƙasashe suka yi ta koke aka sake shi bayan kamar shekara biyu. A Japan ma an hukunta ma'aikata biyu kan abin da ya faru a Suruga. Wanda ya zo aiki a buge ko ya karya ƙa'ida da gangan, wannan a hukunta shi. Wanda aka ba aikin mutum biyu da rabin kayan aiki, shugabansa ya kamata a fara tambaya.

Kuma ɗabi'ar neman wanda za a ɗora wa laifi ba ta canza ba, sai dai saurinta. A ranar 29 ga Janairun 2025 jirgin fasinja na American Eagle da ya taso daga Wichita ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a saman kogin Potomac a Washinton, mutum 67 suka mutu. Ba a gama tsamo gawawwaki ba Shugaba Trump ya fito yana ɗora laifi a kan tsarin ɗaukar ma'aikata na daidaita jinsi da launin fata, ba tare da wata hujja ba. A kafafen sada zumunta aka yi ta yaɗa sunan wata matuƙiyar soja da ba ta ma cikin jirgin, sai da ta fito ta nuna tana raye. Da masu bincike suka zauna, abin da suka fara ganowa shi ne hanyar da aka shata wa jiragen masu saukar ungulu tana bi ta ƙarƙashin hanyar saukar jiragen fasinja da tazarar da ba ta wuce ƙafa 75 ba a wani wurin, mutum ɗaya ne a hasumiya ke kula da nau'in jiragen biyu a daren, kuma cikin shekara uku da suka gabata an sami kusantar juna fiye da sau 15,000 a wannan fili. Bayanan suna nan a ajiye tun kafin haɗarin. A watan Maris na 2025 aka rufe hanyar jiragen masu saukar ungulun.

In kana tambaya ko irin na Uberlingen zai iya sake faruwa, ƙofar da ya bi an toshe ta sosai. Yanzu ƙa'ida ɗaya ce a duniya: in Tikas ta ba da umarni, matuƙi ya bi ta ko da mai kula da zirga-zirga ya ce akasin haka, sannan ya sanar a rediyo, na ƙasa kuma ya yi shiru kan batun hawa ko sauka har matuƙi ya ce sun wuce. An kuma fitar da sabon samfurin na'urar, 7.1, wanda in ya ga ɗaya jirgin ya saɓa umarni zai juya nasa, ya ce wa mai sauka ya hau. Tarayyar Turai ta wajabta shi ga manyan jirage daga Disamban 2015. Amma Tikas tana da iyakarta. Ba ta ganin jirgin da na'urarsa ta sanar da matsayi take a kashe, kamar yadda ya faru a Brazil a Satumban 2006, lokacin da wani ƙaramin jirgin alfarma ya yanke fiffiken jirgin fasinja na kamfanin Gol a saman dajin Amazon, mutum 154 suka mutu. Kuma in jirgi ya yi ƙasa da kamar ƙafa 1,000, ba ta ba da umarnin hawa ko sauka, don kada ta tura shi cikin ƙasa. Karon Potomac a kusan ƙafa 300 ya faru.